Tunkiyar Aro

Litinin, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Wata tunkiyar ta mutu. Ita ce ta uku tun da ruwan nan ya dawo. Ƙanena Fadil ne ya same ta da safe a kwance jikin katanga, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa a leda. Ko wuƙa ba ta jira ba. Ya sa ta a aboboyarsa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya rufe da buhu, ya tura har bakin titi kafin ya tayar da injin, don kada Baba ya ji.

Saura takwas.

Baba yana kwance tun bayan Babbar Salla, ɓarin dama ba ya motsi. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, ya faɗa sau biyu yana kallona, sai ka ce ni aka sani da tayar da hankalin mutane. Tagar ɗakinsa garken take kallo, amma gadon ya yi ƙasa, ba ya ganin komai sai sama da wayar lantarki. Ji kawai yake yi. Kunnen Baba kuwa babu abin da ya same shi.

Ya sha koko. Ya bar ƙosai.

Talata, 10 ga Satumba, hantsi

"Samira, an ba su na watan nan?"

"An ba su, Baba."

Gaskiya na faɗa. Ranar da wata ya tsaya na ba su, yadda yake yi tun ina 'yar makaranta: farin maganin tsutsa, murfin kwalba ɗaya ga kowace, babba da ƙarama, mai ciwo da mai lafiya. Bai taɓa tsallake wata ba. A unguwarmu ta Zongo har kwatance ake yi da shi, ana cewa tumakin Malam Abdulmumini sun fi wasu masu gida ganin magani.

Yau na sake ba su, murfi bibbiyu. Sun haɗiye suna kallona. Goshi ce kawai ta tofar, ta bi ni da karo har bakin rijiya. Fara ce mai baƙin goshi, ita ce 'yar lelen Baba, kuma ta sani. Duk gidan nan babu wanda take ganin girmansa sai shi.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan Magariba

Ban fita kasuwa ba. Buhunan wakena suna can kasuwar Race Course a rufe, maƙwabciyar rumfata ta kira ta ce masu saye suna tambaya. Su tambaya.

Tumakin nan duk jinin tunkiya ɗaya ne, wadda mahaifiyar Baba ta ba shi makon da ya auri Innarmu. Raguna sun sha fita, Salla da suna da sadaka. Mace kuwa ba ta taɓa fita gidan nan ba, ba a sayarwa, ba a kyauta. Na san mutanen da suka yi fushi da Baba a kan haka, ciki har da surukinsa.

Ruwa tun Azahar. Filin bayan gida inda suke kiwo ya zama caɓi, ciyawar ta yi kore shar.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Jiya Fadil ya sayo allura wajen mai maganin dabbobi, wai ta fi farin magani ƙarfi. Ya yi wa duka. Yau da safe biyu suka kasa tashi. Ɗaya ta tafi da kanta, ɗayar muka samu aka yanka.

Yasin mahauci ya zo fiɗa, muka kai shi can ƙuryar baya. Jinin ya fito tsararo, kamar an wanke kwanon manja. Naman fari fat. Da ya tsaga tumbin sai ya kira ni, ya ce Hajiya zo ki ga baƙinki. Ni ba Hajiya ba ce, amma na je. Wasu 'yan sirara ne kamar zaren ɗinki, ja da fari a murɗe, sun cika ciki suna motsi. Na ce masa sau biyu na ba ta magani cikin watan nan, ga allura jiya. Ya ce to, da alama sun ji daɗinsa.

Saura shida.

Da na kai wa Baba ruwan alwala ya ce, "Garken ya yi shiru yau."

Na ce sanyi ne.

Asabar, 14 ga Satumba, da La'asar sakaliya

Mma Fusena ta shigo gaishe da Baba kamar kullum. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ke sayar da waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, a bakin layi, Badagombiya ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta girme ni da nisa. Da ta fito ta same ni tsaye a garke, ta ƙirga da ido, ta kama haɓa.

Na gaya mata abin da likita ya ce, da abin da Baba ya ce jiya.

Ta ce, "Ai wannan ba magana ba ne. Ka ɗauki Lariba. Yana da baki sosai paa, shi ɗaya zai yi kuka na mutum uku. Baba zai ji garke ya cika."

Lariba ita ce tunkiyarta, ita kaɗai gare ta. Baƙa ce ƙatuwa, a kan siminti ta tashi, ɓawon rogo da ragowar waakye take ci, ba ta san kiwo ba. Ciki gare ta. Mma Fusena tana fatan ta haifa mata namiji, ta yi kiwonsa don sunan jikan da take jira daga 'yarta da ke unguwar Oforikrom.

Na ce a'a sau ɗaya, irin a'ar da ake yi don a sake tayi. Ta sake. Muka shigo da ita ta ƙofar baya.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan Asuba

Gaskiyar Mma Fusena. Ko ladan bai kai ta ba.

Litinin, 16 ga Satumba, hantsi

Lariba ta gano ciyawa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin abinci ya tsiro daga ƙasa ba, yanzu ba ta ɗaga kai. Goshi ta kai mata karo biyu, sannan ta ƙyale ta.

Ina gyara wa Baba matashi ya ce, "Wace ce wannan mai kuka kamar ta sha hayaƙi?"

Na ce mura ce ta kama ɗaya daga cikinsu, muryar ta buɗe.

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ya cinye ƙosai yau.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan Azahar

Fadil ya kawo ma'aikaciyar dabbobi daga ofishin gwamnati. Madam Serwaa sunanta, 'yar Asante, gajeriya, a kan babur ta zo da takalmin roba har gwiwa. Na roƙe ta ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta dubi tagar, ta gane.

Ba ta fara da magani ba. Ta kama kowace ta ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa, ta nuna mini launin cikin. Ja, lafiya. Ruwan hoda, a sa ido. Fari, jini ya ƙare. Uku daga cikin namu farare ne kamar farar takarda. Ta kwashi kashinsu a 'yan ledoji, ta ce in kawo kwalbar da muke ba su. Ta tambayi tun yaushe, na gaya mata. Ta tambayi nawa, na nuna mata murfin. Ta daɗe tana kallon murfin nan.

Bayanin nata, da Tuwi, yarensu na Asante, da Turanci da 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa, ga shi yadda na fahimta. Duk lokacin da aka ba da magani, tsutsotsi masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin rai su rage. Waɗanda suka rage su ne ke yin ƙwai, ƙwan ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, tumaki su sake ci. Murfi ɗaya ya yi wa babbar tunkiya kaɗan. Wata bayan wata, shekara bayan shekara, magani ɗaya, mun yi ta tsince masu rauni muna barin iri. Yanzu duk abin da ke filin bayan gidanmu jikokin waɗanda suka ƙi mutuwa ne.

Na ce wato kulawar ce ta yi yawa. Ta ce ba Baba kaɗai ba ne, haka take gani a gidaje da yawa, musamman gidajen da ake son dabbobi.

Ta ce a daina farin magani kwata-kwata. Ta sa muka rataye ma'aunin da nake auna buhun wake, aka sa kowace a zani aka ɗaga, ta ba masu farin ido wani magani ruwan ɗorawa daidai nauyinsu. Masu jan ido ta ce kada a ba su komai. Wannan ya yi mini banbaraƙwai, a ba wasu a hana wasu.

Sai ta tsaya a kan Lariba. Ta ce wannan ba jininsu ba ce. Na ce ta maƙwabciya ce, ta zo kwana biyu.

"Auntie Samira, dabi, a'a. A mayar da ita yau, yau ɗin nan. Dabba ba ta shiga filin nan, ba ta fita. Wannan jikinta bai san tsutsa ba, ga ciki. Ita za su fi ci."

Na ce yoo, wato to.

Alhamis ɗin dai, bayan Magariba

Na ɗauko igiya. Daidai nan Lariba ta saki kukan nan nata, na ji Baba daga ɗaki yana dariya, irin dariyar da rabin baki ke iya yi. Rabon da in ji ta tun kafin Salla.

Na rataye igiyar. Gobe.

Asabar, 21 ga Satumba, hantsi

Gobe.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Ɗaya daga cikin masu farin ido ta tafi. Madam ta ce dama maganin ba ya mayar da jinin da aka riga aka shanye. Fadil ya tura aboboya zuwa titi. Ya ƙware yanzu, ko ƙarar sarƙa ba a ji.

Saura biyar. Da Lariba shida, a kunne kuma kamar tara.

Fadil ya ce, "Yaya, ba Madam ta ce a mayar da baƙar nan ba?" Na ce idan an mayar, shi zai riƙa shiga garke yana kuka da safe? Ya ce shi dai ya faɗa. Fadil gwanin faɗa ne, in ya faɗa ya gama nasa.

Ban gaya wa Mma Fusena abin da Madam ta ce ba. Ba ta tambaya ba.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan Azahar

Na koma kasuwa rabin yini. Wata mai sayen wake tana yi mini ciniki, ni kuwa idonta nake kallo, ina son in ja fatar in ga launin. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Yanzu kowace safiya kafin in ɗora koko sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goshi ja. Ɗan ragon da ke cikinsu ruwan hoda. Sauran dai ga su nan. Lariba ja.

Baba ya ɗaga hannun dama kaɗan daga kan zani. Shi bai lura ba, ni na gani.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan Asuba

Ruwa. Saura huɗu.

Talata, 1 ga Oktoba, hantsi

Idon Lariba ya dushe. Ina jin hasken ne ba shi da kyau, gari ya yi lumshi.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan Azahar

Madam Serwaa ta dawo da sakamakon kashin da Fadil ya sake kai mata. Kafin ta iso na ja Lariba na kai ta ɗakin girki na rufe, na zuba mata dusa don ta yi shiru. Ta yi shirun. Da ma ta yi kuka.

Madam ta ce farin magani da allurar duk ba sa taɓa tsutsarmu. Ruwan ɗorawan yana kashe da yawa, ba duka ba, kuma idan muka yi masa irin riƙon da muka yi wa farin, shi ma zai bi sahu. Ta ce a rufe filin bayan gida, a yi musu dandamalin katako mai tazara yadda kashi zai riƙa zubewa ƙasa, ciyawa kuma a yanko daga tudu a shanya kafin a ba su.

Da ta zo kan Goshi sai ta ja idon, ta sake ja, Goshi tana neman cinyarta da kai. Ta ce wannan fili ɗaya suka ci da sauran, ba a ba ta ruwan ɗorawan ba, ga idonta kamar barkono. Akwai irinsu, in ji ta, jikinsu ne ke yaƙin da kansa, kuma 'ya'yansu sukan gada. Ta taɓa cikinta ta ce akwai ɗa. "Wannan ku riƙe ta hannu biyu. Ta fi duk abin da ke cikin jakata."

Ta tambayi baƙar. Na ce ta koma.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan Magariba

Wata ya tsaya.

"An ba su?"

"An kula da su, Baba."

Ya juyo da ido ya dube ni. Na tsuguna ina neman takalminsa a ƙarƙashin gado, takalmin da bai saka ba tun watan Salla.

Lahadi, 6 ga Oktoba, hantsi

Ba hasken ba ne.

Lariba ba ta yi kuka da safe ba. Haɓarta ta fara kumbura. Na auna ta ni da Fadil, na ba ta ruwan ɗorawan, na mayar da ita ta ƙofar baya. Na ce wa Mma Fusena ga ajiyarta, da alama ta yi kewar gida, ba ta cin abinci sosai. Ta shafa bayanta ta ce, "Ya rame kaɗan. Ciki ne." Ta haɗa ni da waakye a ganye, har da ƙwai, ta ce in kai wa Baba.

Na karɓa. Na ce na gode.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Fadil ya gama dandamalin. Ya yi kyau, sai dai babu masu hawa. Saura uku.

Garken shiru. Baba bai tambaya ba. Ni da na shirya amsa har kala biyu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Azahar

Na kira Madam ta duba Lariba a gidan Mma Fusena. Ta ja idon, ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tona ni ba. Ta yi abin da za ta yi, ta wanke hannu, ta hau babur. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Saura biyu. Goshi da ɗan ragon.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi

Lariba ta yi ɓari jiya. Namiji ne. Yau da safe ta bi shi.

Mma Fusena ba ta fitar da waakye ba. Na shiga na same ta zaune a kan turmi, igiyar tana hannunta. Ta ce, "Allah ne ya ba, Allah ne ya karɓa. Kar ka damu, Samira, ba laifin kowa ba ne."

Na ce haka ne.

Kunya nake ji. Ba baƙin ciki ba, kunya.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan La'asar

Mma Fusena ta shigo gaishe da Baba. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa.

Ya ce, "Fusena, ina tunkiyarki?"

Ta ce, "Yana nan lafiya, Baba." Ita ma ta iya.

Ya ce, "Kwana biyu ban ji ta ba. Ba a nan ba, ba a gidanki ba."

 Sai ya kira ni, na shiga na durƙusa.

Ya ce shekara huɗu yana jin muryar tunkiyar nan ta bayan katanga, ranar da ta kwana a garkensa da kukan farko ya gane ta. Ya ce tun mutuwar ta biyu ya san abin da ake ciki, don kowace da muryarta, kuma aboboya ba ta fita gida shiru sai da dalili. "Na ga kuna ta wahala a kaina, na ce bari in bar ku ku samu ladan. Da na yi magana da kun ji kunya."

Ya ce yanzu a gaya masa abin da bai sani ba. Me ke kashe su?

Na tuna likita. Na dubi hannunsa, na dubi jijiyar wuyansa. Sannan na faɗa masa duka, murfin kwalba da filin bayan gida da abin da Madam ta ce ranar farko, a mayar da ita yau. A gaban Mma Fusena na faɗa. Ban dube ta ba.

Baba ya daɗe yana kallon wayar lantarki.

Ya ce, "Ni na yi kiwon tsutsar, ke kika kai mata baƙuwa." Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai raba gado.

Mma Fusena ta tashi ta fita, ba sallama.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan Asuba

Ya kwana lafiya. Na auna jininsa da na'urar da Fadil ya aro, ya ɗan hau, bai kai inda likita ya ce a ruga ba. Ya sha koko rabi.

Mma Fusena ba ta shigo ba. Ta fitar da waakye, na ji ƙarar ludayinta.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Baba ya sa Fadil ya kwance rabin dandamalin ya kai gidan Mma Fusena ya kafa. Fadil ya tambayi dalili, Baba ya ce shi ya haifi Fadil ko Fadil ne ya haife shi? Fadil ya ɗauki guduma.

Na san dalilin. Na shiga na ce masa Madam ta ce Goshi ita ce irin da ya rage, daga cikinta garken zai sake tashi. Ya ce ya ji, ai ta tagar nan ta faɗa, ƙasa-ƙasan 'yan Asante ba ƙasa-ƙasa ba ne.

Na ce a ba ta ɗan ragon, in ya so in cika mata da abin da zan iya.

Ya ce in je in ɗora ruwan wanka.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Ya sa aka yi masa aski, aka saka masa farar riga. Ni da Fadil muka ɗauko shi a kujera muka ajiye a tsakar gida, fitowarsa ta farko. Ya rufe ido saboda haske, da ya buɗe ya dubi garken. Na ga yana bin wuraren da babu kowa da ido, ɗaya bayan ɗaya. 

Goshi ta diro daga dandamali ta zo ta tura kanta ƙarƙashin hannunsa na hagu.

Aka kira Mma Fusena. Ta zo ta durƙusa daga nesa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Baba ya ce ga tunkiyarta. Ta ce a'a, wallahi a'a, duk Zongo an san mace ba ta fita gidan nan, ita ba za ta zama ta farko ba. Ta ce idan dole ne a ba ta ƙaramin, ya isa.

Baba ya ce, "Mace kika ba da aro, da ciki. Mace za ki karɓa, da ciki."

Ta fara kuka. Ta ce, "Baba, wannan na mamanka ne fa."

Ya ce, "Da tana nan da tun jiya ta kai miki da kanta."

Fadil ya sa wa Goshi igiya ya miƙa mata. Mma Fusena ta ja, Goshi ta kafe ƙafafu. Fadil ya tura ta baya, ta juyo ta kai masa karo ta koma jikin kujera. Na gwada da dusa a kwano, ko kallo ban ishe ta ba. Muka yi ta fama, maƙwabta sun fara leƙe ta saman katanga.

Sai Baba ya ce mu matsa. Ya janye hannunsa daga kanta ya ɗora a cinya. Ya yi mata tsawar da yake yi wa tumakin mutane idan sun shigo masa gida, wadda bai taɓa yi wa nasa ba. Muryar ta fito a karkace, amma ta fito. Goshi ta ja da baya ta tsaya tana kallonsa. Ya sake yi, ya fi na farko ƙarfi.

Ta juya ta bi igiyar.

A bakin ƙofa Mma Fusena ta tsaya daidai inda nake. Ta ce, "Samira, da ka gaya mini, da na bar shi duk da haka. Amma da ka gaya mini."

Muka mayar da Baba ɗaki. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce a juya shi ya fuskanci bango.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan Asuba

Goshi ta yi kuka daga bayan katanga tun kafin gari ya waye sosai. Na shiga da koko na same shi a farke, idonsa a buɗe.

Muka saurara tare. Ta yi shiru, ta sake.

Ya ce, "Yunwa ce. Fusena ba ta san ba ta cin ɓawon rogo sai an barbaɗa gishiri ba. Je ki gaya mata."

Na ajiye kofin, na ɗauki mayafi na je.